HUKUMAR NERC: SARKIN KASUWAR WUTAR LANTARKI

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata, ya ga an rubuta masa abin da ya zarce hankali, alhali kuwa rabin watan a duhu ya yi shi, ya san irin ɓacin ran da ke tattare da sha'anin lantarki a Nijeriya. Tela ya sani, mai walda ya sani, haka nan mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara, da ɗalibin da ke bitar jarrabawa da hasken tocila. Galibin mutane idan ransu ya ɓaci NEPA suke ambata, ko da yake an rushe NEPA tun a gyare-gyaren shekarar 2005. Kaɗan ne suka san cewa akwai wata hukuma a Abuja wadda doka ta ɗora wa nauyin tsaida farashin wutar, da ba da izinin sayar da ita, da kuma hukunta kamfanin da ya cuci mai saye. Wannan ita ce Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERC.

Matsayinta ya yi kama da na sarkin kasuwa. Shi sarkin kasuwa ba ya kasa hatsi, ba ya kuma saye, amma shi ne ke duba mudu don kada a yi tauye, shi ke ba baƙo rumfa, shi ke sasanta mai kaya da mai saye idan gardama ta tashi. Haka ita ma hukumar ba ta da injin ba da wuta ko ɗaya, ba ta da falwaya ko taransifoma. Abin da ke hannunta shi ne doka, da lasin, da ikon cin tara.

YADDA AKA FARO

An fara kunna wutar lantarki a Legas cikin 1896. A shekarar 1929 kamfanin NESCO ya fara ba da wuta daga ruwan Kurra kusa da Jos, domin amfanin masu haƙar kuza. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar ECN da dokar 1950 don ta haɗa tashoshin da ke warwatse a ƙarƙashin inuwa ɗaya, sannan a 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Ruwan Kwara, wadda ta gina madatsar Kainji aka gama a 1968. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe waɗannan hukumomi biyu, aka sami NEPA.

Shekara 33 NEPA ta yi tana riƙe da kome da kome. Ita ke samar da wuta, ita ke ɗaukarta a kan manyan layuka, ita ke raba ta gida-gida, ita ke karɓar kuɗi. A zamaninta ne aka gina tashar Jebba da ta Shiroro da babbar tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu. Amma jama'a na ƙaruwa, garuruwa na faɗaɗa, kuɗin gyara da na sababbin tashoshi kuwa sai ja da baya suke yi. Daɗin daɗawa, babu wani wuri dabam da mai ƙorafi zai kai kukansa, domin wanda ake ƙara shi ne alƙalin.

Wannan ne ya sa gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta zartar da Dokar Gyaran Harkar Lantarki a 2005. Dokar ta maye gurbin NEPA da kamfanin riƙon ƙwarya na PHCN, aka kuma yanka shi gida 18: kamfanoni 6 na samar da wuta, 1 na ɗaukar wuta a manyan layuka, watau TCN, da 11 na rarrabawa. Dokar nan ce kuma ta haifi NERC, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na wannan shekara, da Dokta Ransome Owan a matsayin shugabanta na farko. Hikimar abin ita ce, tunda za a shigo da 'yan kasuwa cikin harkar da mai saye ba shi da zaɓi, tilas a sami mai tsawatawa. Mutumin da ke zaune a Gusau ba zai iya cewa wutar kamfanin Kaduna ta yi tsada, bari ya koma sayen ta Badun ba. Waya ɗaya ce ta shigo unguwarsu.

Ran 1 ga watan Nuwamba 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin ga waɗanda suka saya. A kamfanonin rarrabawa 'yan kasuwa suka ɗauki kashi 60 cikin 100, gwamnati ta riƙe 40, TCN kuwa ya ci gaba da zama na gwamnati. Kamfanin Kano ya ɗauki jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna ya ɗauki Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Na Jos ya ɗauki Filato da Bauci da Gombe da Binuwai. Na Yola ya ɗauki Adamawa da Taraba da Barno da Yobe, shi kuma na Abuja ya haɗa da Neja da Kogi da Nasarawa.

TSARIN HUKUMAR DA AYYUKANTA

Kwamishinoni 7 ne ke jan ragamar hukumar. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma ana lura da shiyyoyin ƙasa 6 wajen zaɓensu. Suna da wa'adin da doka ta yanka musu, sannan hukumar na samun kuɗin gudanar da aiki daga kuɗin lasin da wani ɗan kaso da ake cira daga cinikin wuta. An tsara haka ne don kada ta zama ɗan amshin shatan minista ko na masu kamfani.

Aikinta na farko shi ne ba da lasin. Duk wanda zai kafa tashar da za ta sayar da wutar da ta haura megawat 1 a kan babban layin ƙasa, sai ya sami izininta. A 2016 ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi masu zaman kansu, aka kuma sabunta su a 2023. Waɗannan ƙa'idoji ne suka buɗe hanyar kafa tashoshin hasken rana a ƙauyuka da kasuwannin da babban layi bai kai ba, ko ya kai amma ba ya kawo wuta. A 2017 kuma aka ba manyan masana'antu damar sayen wuta kai tsaye daga mai samarwa.

Aiki na biyu shi ne shimfiɗa ƙa'idojin aiki: yadda za a haɗa tasha da babban layi, irin mitar da za a yi amfani da ita, da matakan kare rayukan ma'aikata da na jama'a daga haɗarin waya. Na uku shi ne sa ido a kan yadda kuɗi ke gudana tsakanin kamfanoni. Na huɗu kare haƙƙin mai saye. Amma aikin da ya fi jawo mata surutu shi ne tsaida farashi.

YADDA AKE TSAIDA FARASHI

Tun 2008 hukumar ke amfani da tsarin farashi na shekaru da yawa da ake kira MYTO. Ana tara abin da aka kashe wajen samar da wuta, da kuɗin ɗaukarta, da kuɗin rarraba ta, da ribar da aka yarda mai jari ya ci, sannan a raba a kan yawan yunit ɗin da ake sa ran sayarwa. Lokaci-lokaci ana sake duba lissafin bisa abubuwa huɗu: hauhawar farashin kaya, canjin Naira da Dala, kuɗin iskar gas, da yawan wutar da tashoshi ke bayarwa.

Canjin kuɗi na da ƙarfi ƙwarai a cikin wannan lissafi, saboda mafi yawan wutar Nijeriya daga iskar gas ake samunta, gas kuwa da Dala ake yanka farashinsa, haka ma kayan gyaran injuna daga waje ake sayo su. Lokacin da gwamnati ta saki Naira a watan Yuni 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, kuɗin samar da kowane yunit ya yi tsalle tare da ita.

A 2020 hukumar ta kasa masu amfani da wuta rukuni 5 bisa sa'o'in da ake ba su a rana. Rukunin A ya kamata ya sami aƙalla sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. Wanda ya fi samun wuta shi ya fi biya. Ran 3 ga watan Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, aka bar sauran rukunoni yadda suke. Hukumar ta ce ƙarin ya shafi kimanin kashi 15 cikin 100 ne na masu amfani da wuta. Gidan da ke shan yunit 200 a wata, wanda a da yake biyan Naira 13,600, sai ya wayi gari da 45,000. Wata guda bayan haka aka ɗan sauko da farashin zuwa Naira 206.80, amma hakan bai hana ƙungiyoyin ƙwadago yin zanga-zanga a ofisoshin hukumar cikin watan Mayu ba. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da suka faɗa cikin rukunin A su ma sun koka ƙwarai.

Ga sauran rukunoni, abin da suke biya bai kai abin da aka kashe ba, gwamnati ce ke alkawarin cike giɓin. A shekarar 2024 kaɗai wannan tallafi ya kusa Naira tiriliyan 2. Idan gwamnati ta yi jinkirin biya, kamfanonin samar da wuta ba su samun cikakken kuɗinsu, su kuma sai su kasa biyan masu gas, masu gas su rage abin da suke turawa, injuna su tsaya, gari ya yi duhu. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan sarƙar bashi na daga cikin dalilan da suka sa ƙasar da aka girka wa injunan da za su iya ba da kimanin megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a yawanci yake tsayawa tsakanin 4,000 da 5,000.

MITA DA KUƊIN ƘIYASI

Babu abin da ya fi ɓata tsakanin jama'a da kamfanonin rarrabawa kamar kuɗin ƙiyasi. A ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin ba su da mita, abin da aka ga dama aka kintata shi ake kawo musu. A 2018 hukumar ta fito da tsarin da ya ba wasu kamfanoni dabam izinin samar da mita su kafa, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin raba mita kyauta. Duk da haka giɓin bai cike ba.

Domin rage zalunci kafin mita ta wadata, a watan Fabrairu 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita, bisa matsakaicin abin da masu mita da ke kan layi ɗaya da shi suke sha. A watan Fabrairu 2024 ta bayyana cewa dukkan kamfanoni 11 sun ƙetare wannan iyaka, ta ci su tarar Naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane abin da aka zalunce su. Bayan wata biyu ta ci kamfanin Abuja tarar Naira miliyan 200 saboda ɗora sabon farashin rukunin A a kan waɗanda ba sa cikin rukunin.

Su ma kamfanonin suna da nasu kukan. Fiye da kashi 30 cikin 100 na darajar wutar da suke karɓa ba ya dawowa a matsayin kuɗi: wata ta zube a tsofaffin wayoyi, wata an sace ta ta hanyar zagaye mita, wata kuma an sha an ƙi biya, har da ma'aikatun gwamnati da ke da tarin bashi a kansu. Hukumar na yanka wa kowane kamfani iyakar asarar da za a yarda ya sa cikin farashi. Abin da ya haura wannan, daga aljihunsa zai fita.

Idan kamfani ya gaza ƙwarai, doka ta ba hukumar ikon cire shugabanninsa. Ta yi amfani da wannan iko a watan Janairu 2024, inda ta rushe hukumar daraktocin kamfanin Kaduna saboda bashin da ya kai Naira biliyan 110, watau miliyan dubu 110, ta naɗa mai riƙon ƙwarya.

INA MAI ƘORAFI ZAI NUFA?

Akwai matakai uku. Da farko mutum zai rubuta ƙorafinsa ya kai sashen sauraron koke-koke na kamfanin da ke ba shi wuta, ya karɓi shaidar cewa ya kai. Kamfanin na da kwanakin aiki 15 ya warware. Idan bai gamsu ba sai ya ɗaukaka zuwa ofishin zauren sasantawa na hukumar da ke jiharsa ko mafi kusa da shi, inda wakilan jama'a da masana ke zama su saurari ɓangarorin biyu. Idan nan ma bai gamsu ba, sai ya kai ga ita hukumar kanta.

Ƙa'idojin kare mai saye na 2023 sun tanadi cewa ba a yanke wa mutum wuta sai an ba shi sanarwa a rubuce. Haka kuma gyaran taransifoma da sayen falwaya da waya nauyin kamfani ne. Karo-karon da mutanen unguwa suka saba yi duk lokacin da taransifoma ta ƙone ba wajibinsu ba ne, in kuwa sun zaɓi su yi, ya kamata a rubuta yarjejeniya da kamfani a kan yadda za a mayar musu da kuɗinsu. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa ake ta cin guminsu.

SHIN TANA DA CIKAKKEN 'YANCI?

A rubuce, hukumar mai cin gashin kanta ce. A aikace kuwa ta sha gamuwa da matsin lamba. A 2009 gwamnati ta dakatar da kwamishinonin farko, hukumar ta yi kusan shekara biyu a hannun mai riƙo kafin a naɗa Dokta Sam Amadi a ƙarshen 2010. A watan Maris 2015, ana dab da babban zaɓe, ta sanar da rage farashi, abin da ya tayar da hankalin masu jari. A watan Satumba 2020 an fara aiki da sabon farashi, aka dakatar da shi bayan barazanar yajin aiki, sannan aka dawo da shi a watan Nuwamba.

Masu amfani da wuta na zarginta da karkata ga kamfanoni, tana saurin amincewa da ƙari amma tana nawa wajen tabbatar da cewa sa'o'in da aka yi alkawari sun cika. Masu jari kuma na cewa takan bi ra'ayin gwamnati ta danne farashi ƙasa da abin da aka kashe. Zargin biyu duka suna da tushe, kuma daga wuri ɗaya suka fito: wutar da ake rabawa ba ta isa ba, kuɗin da ake tarawa ma bai isa ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinta. A watan Oktoba 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan da 'yan ta'adda suka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi kuma ya sami matsala. Babu wata doka ta farashi da za ta tsare turken wuta a dajin da ba a shiga. Sai dai hukumar na da ta cewa a kan yadda ake raba ɗan abin da ya samu. A watan Mayu 2024 ta ba da umarni na wucin gadi cewa wutar da ake sayar wa ƙasashen maƙwabta, cikinsu har da Jamhuriyar Nijar, kada ta wuce kashi 6 cikin 100 na abin da ke kan babban layi.

SABUWAR DOKA DA MATSAYIN JIHOHI

A watan Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin dokar lantarki har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki wadda ta maye gurbin ta 2005. Bisa wannan doka, jihar da ta yi tata dokar, ta kafa tata hukumar, sai ta sanar da NERC, ita kuma ta miƙa mata ikon kula da kasuwar cikin jiha a cikin wata 6. Jihohin Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, wasu suka biyo baya, ciki har da Legas da Kogi da Neja da Filato. Abin da ya rage a hannun NERC shi ne wutar da ke ƙetare iyakar jiha ko ta ƙasa, da babban layi, da cinikin da ake yi a kansa. Dokar ta kuma sa an cire aikin sarrafa babban layi daga TCN an ba wata sabuwar hukuma mai suna NISO, wadda aka ƙaddamar a 2025.

Ba a daɗe ba aka ga inda gizo ke saƙa. A watan Yuli 2025 hukumar Jihar Inugu ta rage farashin rukunin A zuwa Naira 160. Kamfanonin samar da wuta suka yi ca, NERC kuma ta ja hankali cewa jiha ba ta da ikon rage kuɗin wutar da aka samar a wata jiha aka ɗauko a kan layin tarayya, sai fa idan za ta biya bambancin daga baitulmalinta.

Wannan darasi ya shafi jihohin Arewa kai tsaye. In ban da tashoshin ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, yawancin manyan tashoshin ƙasar a Kudu suke, kusa da rijiyoyin gas. Jihar da ta karɓi iko ba tare da tana da tata wutar ba, za ta gaji rigimar farashi da koke-koken jama'a, alhali makunnin yana hannun wasu. Za ta kuma buƙaci injiniyoyi da akantoci da lauyoyi da masana tattalin arziki waɗanda za su iya zama da kamfani su binciki littattafansa layi-layi, su kuma iya ce wa gwamna a'a idan lissafi bai ba da abin da yake so ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatan gwamnatin da za a ɗora wa wannan nauyi, da ɗaliban da za su gaje su, yanzu ne lokacin da ya kamata su fara sanin yadda ake lissafin yunit ɗaya na wuta tun daga bakin injin har zuwa mitar gida.

Shi kuwa mai biyan kuɗin wuta, abin da ke gabansa bai da wuya. Ya san rukunin da aka sa layinsa, ya riƙa lura da sa'o'in da ake ba shi, ya adana takardun biyansa, ya nemi mita a rubuce. Idan an cuce shi ya kai ƙara inda doka ta tanada, domin sarkin kasuwa ba ya hukunta tauyen mudun da ba a kawo gabansa ba.